Tudun da Baba Yake Kashe Mota

Ranar Alhamis, goma sha bakwai ga watan Nuwamba na shekarar 1988, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifina, Malam Lamidi mai gyaran rediyo, a gidanmu da ke Malumfashi, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya. Ya bar mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, da yayana Babatunde, da ni Sekinat, auta. Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma za mu tafi, babu wanda aka gaya wa ranarsa.

Baba, gida ya cika da masu gaisuwa har kwana bakwai, kowa yana faɗin abin da ya sani game da kai. Ni ban iya ɗaga kai na ce komai ba, ka dai san halina. Shi ya sa na ɗauko biron da nake cika maka littafin rediyo da shi, in gaya maka a rubuce cewa saƙon da ka bari ya isa.

Ka zo Funtua daga Ogbomosho kana ɗan shekara goma sha biyu, kana bin kawunka mai sayar da yadi. A can ka girma, a can Hausa ta zauna a bakinka. A can kuma ka haɗu da Baba Ambrose, mutumin Anacha, wanda yake aikin buga waya a tashar jirgin ƙasa. Shi ya koya maka aika magana da ɗan ƙarfen nan mai ƙwas-ƙwas, kai kuma ka koya masa cin tuwon dawa da miyar kuka. Daga baya kuka buɗe shagon gyaran rediyo tare a bakin kasuwa. Iya ta ce kwano ɗaya take kai muku, har mutane suna ce muku Hassan da Hussaini, ko da yake shi coci yake zuwa, kai masallaci.

A shekarar 1966, da hankali ya tashi, ka ɓoye shi kwana uku a bayan shago, cikin akwatunan tsofaffin rediyoyi. Rana ta huɗu ka sa shi a motar gyaɗa mai zuwa kudu, daga shi sai rigar jikinsa. Daga nan babu wasiƙa, babu saƙo, ga yaƙi ya biyo baya. Ka kasa zama a shagon kai kaɗai, ka rufe shi, ka dawo Malumfashi. Shekara goma sha ɗaya ba ka san ko yana raye ba. Iya ta ce duk ranar da ka ji wani baƙo daga gabas ya sauka a kasuwa, sai ka ajiye aiki ka tafi tambaya, ka dawo ka zauna ba ka cin abinci.

A cikin shekarun nan ne ka samu lasisin riƙe rediyo mai ji da magana, wanda mutanen gari suke kira oba-oba. Ka ɗaure shi a cikin tsohuwar motarka, domin kullum kana yawon gyara a ƙauyuka, ka kafa mata eriya doguwa a baya kamar sandar fatsa. Yara suna bin motar suna cewa Baba Lamidi ya fita kamun kifi a kan kwalta. Amma rediyon bai ba ka abin da kake so ba. Da zarar injin motar yana aiki, sai ƙara ta cika shi, kamar an zuba ruwa a cikin mai mai zafi. Ka bayyana mini dalilin tun ina aji uku. Ka ce duk injin da ke shan fetur yana da fulogi, kowane fulogi yana fitar da tartsatsi, kowane tartsatsi kuma rediyo yana jin sa ko daga nesa. Tashoshi masu ƙarfi suna keta ƙarar su fito. Muryar mutum ɗaya da ke kira daga ɗakinsa a wata ƙasa mai nisa kuwa, nutsewa take yi.

Labarin daminar 1977 ban gan shi da idona ba, ina ƴar shekara uku a lokacin, amma na ji shi daga bakinka, na kuma ji daga bakin Malam Maiwada. Kana dawowa daga Gozaki da yamma, rediyon yana kunne yana ta suyarsa, sai motar ta mutu a kan wani tudu, daidai gonar Malam Maiwada. Injin yana tsayawa, ƙarar ta ɗauke. A cikin shirun nan ka ji ƙwas-ƙwas can ƙasa-ƙasa, wani yana buga waya yana neman mai amsawa. Ka ce masu buga waya suna gane hannun juna kamar yadda ake gane takun mutum a soro. Baba Ambrose yana jan harafin ƙarshe, kamar mai jan ƙafa ɗaya. Ka gane shi tun kafin ya faɗi sunansa.

Malam Maiwada yana noma a lokacin. Ya hango baƙo a cikin mota ya kifa kai yana kuka, ya yar da fartanya ya zo ya ce, "Bawan Allah, wa ya rasu?" Ka ce masa, "Babu wanda ya rasu, Malam. Wani ne ya dawo." Bai fahimta ba, amma ya jira har ka gama, sannan ya tura maka motar ta gangara ta tashi. Daga ranar kuka zama aminai.

Kai da Baba Ambrose kuka sa wa juna lokaci: kowace Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi, shi ya dawo daga coci ya huta, kai ka yi la'asar. Kuka kuma yi alkawari ɗaya, cewa abin da ya faru a baya ba zai sake faruwa ba. Duk wanda ya riga wani tafiya, ba za a bar ɗayan yana kira babu amsa ba.

Tun ina aji uku nake bin ka tudun nan. Na san yadda kake yi kamar yadda na san alwala. Ka hau har ƙarshen tudun, ka juya hancin motar ya kalli gangare, ka sa dutse a gaban taya, sannan ka kashe injin. Dole hancin ya kalli gangare, domin rediyon yana shanye batir, bayan kamar minti goma sha biyar makulli ba ya iya tayar da motar sai an gangara da ita. Sai ka murɗa allurar rediyon zuwa inda ka ɗiga jan fenti. Bayan kun faɗi lambobinku da Turanci kamar yadda doka ta ce, maganar farko kullum ɗaya ce. Shi ya ce, "Lamidi, ka kashe injin?" Kai ka ce, "Na kashe, Ambrose, ina jin ka." Daga nan sai Hausa tsantsa. Ya tambayi ruwan sama, ya tambayi auduga, ya tambayi tsofaffin Funtua ɗaya bayan ɗaya, wa ke nan, wa ya tafi. Ku yi wa juna tsiya a kan ciwon gwiwa. Kowace shekara yana cewa baɗi zai zo ya sha fura, kai kana cewa baɗi za ka je ka ga babban kogi. Baɗin bai zo ba. Ni kuma ina gefe da littafi, ina rubuta rana da lokaci da yadda muryar ta fito.

Saboda rediyon nan ka zama abokin faɗan masu babura. Kana da gwangwani cike da wata ƴar hular roba da ake sa wa fulogi don ta danne tartsatsin. Duk mai babur da ya tsaya a ƙofar shagonka, sai ka lallashe shi ka sa masa, kyauta. Suka sa maka suna Mai Hula. Da yawa sun yarda, musamman da suka ga rediyon gidajensu ya daina ƙara in sun shigo. Wanda ya gagare ka shi ne Ɗanjuma, mai kai kaya Dayi a kan babur. Kullum amsarsa ɗaya: "Baba, hular nan rage gudu take yi." Kai kuma ka ce, "Ina kake sauri, Ɗanjuma? Dayi tana nan inda ka bar ta jiya." Ya yi dariya ya murɗa mai ya wuce, rediyoyin shago duka su ɗauki ƙara. Kai sai ka girgiza kai ka ce, "Ga ɗana can ya gaishe ni." Shekara shida kuna haka, ban taɓa jin ka zage shi ba.

Akwai alherinka da ban sani ba sai a zaman makoki. Gwaggo Tsohuwa, maƙwabciyarmu wadda idonta ya tafi, ta ce rediyon da mijinta ya bar mata ya taɓa lalacewa har babu gyara. Ka karɓa ka kwana biyu da shi, ka mayar mata ka ce ƴar waya ce ta tsinke. Ashe cikinsa duka ka kwashe, ka zuba na wani rediyon naka a tsohon akwatin, don hannunta ya ci gaba da taɓa abin da ya saba. Ta ce wa Iya, "Tun ranar na gane, muryar ta canja. Na yi shiru ne don kada in ɓata masa alherinsa."

Ni ma ka yi mini irin wannan. Mutane suna damun Iya cewa yarinyar nan ba ta magana, a nema mata magani. Kai ba ka taɓa matsa mini ba. Na ji ka ce wa Iya, "Ƙyale ta. A rediyo masu magana sun yi yawa, mai saurare ake nema." Abu ɗaya ka hana ni, shi ne taɓa abin maganar rediyon motar. Ka ce wanda ba shi da lasisi ba ya magana a iska, ko ɗanka ne, domin amana ce gwamnati ta ba ka.

Lahadin da kake kwance, ka matsa sai da Babatunde ya kai ka tudun. Ka yi magana kaɗan, ka ce wa Baba Ambrose zazzaɓi ne kawai. Ranar Laraba da yamma, da jiki ya yi nauyi, ka kira mu. Ba ka yi maganar shago ba, ba ka yi maganar gida ba. Ka ce, "Ran Lahadi, kada a bar shi yana kira." Ka maimaita sau biyu. Washegari ka tafi.

Ranar Lahadin ta faɗo daidai da sadakar uku. Wasiƙa zuwa Anacha sai ta yi makonni, ba mu kuma san wata lambar tarho tasa ba. Hanya ɗaya ce, ita ce tudun, lokacin kuma ɗaya ne, domin minti goma sha biyar yake kira ya rufe. Iya tana takaba, ba za ta fita ba. Ta ce Babatunde ya tuƙa, ni in murɗa allura tunda ni na san wurin, Malam Maiwada kuma ya faɗi rasuwar, domin irin wannan labari babba ke faɗa wa babba.

Abin da ba mu zata ba shi ne rakiya. Da mutanen da suka zo addu'a suka ji inda za a, sai kowa ya ce ba za a bar motar Mai Hula ta yi tafiyarta ta ƙarshe ita kaɗai ba. Babura sun fi talatin, da ƙananan motocin haya biyu, Ɗanjuma a gaba. Manoman da ke yankan dawa a bakin hanya suna miƙewa suna ɗaga mana hannu. Na ji daɗin yadda aka girmama ka, amma ƙugin baburan yana damuna, ban san yadda zan faɗi dalili ba.

Muka isa saura minti biyar. Babatunde, wanda sau ɗaya ya taɓa zuwa, bai kuma san dalilin tsarinka ba, ya ajiye motar a inuwar ɗorawa, a wuri mai lebur, ya bar injin yana aiki. A ganinsa hikima ce, kada batir ya mutu a tsakiyar magana. Masu rakiya suka kewaye mu. Kowa ya zauna a kan baburinsa, injin yana ƙugi a hankali, wasu don baburansu ba sa tashi da sauƙi, wasu don suna zaton abin na minti biyu ne. Babu mai magana, duk sun yi tsit saboda ladabi. A kunnensu wurin shiru ne.

Na kunna rediyon na kai allurar kan jan fentin. Baba, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kamar ana suya a kasko ɗari. Ƙarfe huɗu da rabi ta yi, ta wuce da minti uku, ta wuce da biyar. Na san yana can yana kira, kuma mu ne muke toshe shi. Babatunde ya ce ko rediyon ya lalace ne. Malam Maiwada yana riƙe da abin maganar yana kallona. Na buɗe baki, maza sun fi hamsin a kewaye, maganar ta ƙi fita. Sai na miƙa hannu na murɗa makullin motar na kashe ta.

Ƙarar ta ragu, amma ba ta tafi ba. A lokacin ne babur ɗin Ɗanjuma, wanda yake dab da tagata, ya nemi mutuwa, sai Ɗanjuma ya ɗan murɗa masa mai. Ƙarar rediyon ta tashi tare da shi, ta sauka tare da shi. Ya kalli rediyon, ya kalli baburinsa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce a hankali, "Ashe abin da Baba yake faɗa ke nan." Ya kashe, ya sauka ya bi sahu yana cewa, "Ku kashe. Don girman Allah ku kashe, mu ne muke rufe masa baki." Wanda ya yi jinkiri, shi da kansa yake zare masa makulli. Ya gangara kan hanya ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa, ya tsayar da wata a-kori-kura da ke tahowa, ya roƙi direban ya kashe.

Injunan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana raguwa kamar ruwan sama mai ɗaukewa. Da na ƙarshe ya tsaya, na ji karan dawa yana motsi a gona. Sannan muryar ta fito, ƙarama, a gajiye, alamar ya daɗe yana kira.

"Lamidi, ka kashe injin? Lamidi, kana ji na?"

Malam Maiwada ya danna abin maganar ya yi sallama. Ya ce, "Ambrose, Maiwada ne, mai gonar tudu. An kashe injin, muna jin ka. Sai dai ka yi haƙuri. Allah ya yi wa ɗan'uwanka Lamidi rasuwa ranar Alhamis. Shi ya ce kada a bar ka kana kira." Ya gama amma bai saki madannin ba, bai san sai an saki ake jin amsa ba. Na ɗage masa yatsansa daga madannin.

Sai Baba Ambrose ya ce, "Allah ya jiƙansa. Allah ya jiƙan Lamidi." Ya tambaya ko ka sha wahala, aka ce masa a'a. Ya tambayi Iya, aka ce tana gaishe shi, ta ce a gaya masa kwanonku yana nan. Sai ya ce, "Wa ya nemo ni a kan allura? Sekinat tana wurin?" Malam Maiwada ya kawo abin maganar bakina. Na ce, "Ina nan, Baba." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ka gafarta mana, mun taka dokarka sau ɗaya, ni da Malam Maiwada. Babatunde ya riga ya naɗe lasisin zai mayar, an kuma cire eriyar.

Baba Ambrose ya roƙi abu ɗaya. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana jin labarin tudun nan bai taɓa ganinsa ba, kuma bai samu tsayawa a kan gawarka ba. Ya ce in za a yi maka addu'a, a danna abin maganar a riƙe, yana so ya kasance a ciki. Malam Maiwada ya danna, ya miƙa hannunsa waje ta taga. Mutane suka sauko daga babura suka durƙusa a bakin gona, liman ya ja addu'a, ana amsawa da amin. Ina kallon ƴar fitilar rediyon tana dusashewa a hankali. Da aka shafa, aka saki madannin, muka ji ya ce amin, can nesa ƙwarai. Daga nan batir ya ƙare.

Motar ta ƙi tashi, ga shi ba a kan gangare take ba. Mutanen nan duka suka sa hannu suka tura ta har bakin tudun, suka juya hancinta yadda kake yi. Babu wanda ya tayar da baburinsa sai da ta gangara.

Ranar Litinin da safe Ɗanjuma ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce a tambayi Iya ko gwangwanin nan yana nan. Na kai masa. Ya ɗauki hula ɗaya, ya tsuguna ya sa wa baburinsa da hannunsa. Da zai tafi, sai ya tura shi har ƙarshen layi kafin ya tayar.

Na rubuta ranar Lahadin a littafinka, a layin da ke bin na ƙarshe. A wurin da ake rubuta yadda murya ta fito, na sa: an ji shi sarai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, Allah ya ba ta haƙuri da juriyar takaba. Ina yi wa yayana Babatunde, wanda nauyin gida ya dawo kansa, Allah ya taya shi riƙo. Ina yi wa danginmu na Ogbomosho da na Funtua, da Malam Maiwada da mutanen Gozaki, da Gwaggo Tsohuwa, da masu babura na Malumfashi waɗanda suka raka ka. Ina yi wa Baba Ambrose da iyalinsa a Anacha. Zan kwafe wannan takarda in aika masa, Allah ya sanyaya zuciyarsa duk ranar Lahadi in huɗu da rabi ta yi.

Ya Allah ka jiƙan mahaifina Lamidi. Ka yafe masa kurakuransa, ka karɓi alherinsa na fili da wanda ya ɓoye. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka kawar masa da duk wata ƙara da firgici, ka ba shi natsuwa irin wadda yake nema a kan tudun nan, inda komai yake yin shiru har mutum ya ji muryar wanda yake ƙauna. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Baba, saƙonka ya isa. Ba a bar shi yana kira ba.

Sekinat Lamidi
Malumfashi